Iya Ruwa, Fidda Kai: Sabon Kati da Gawar Jirgi a Ƙasan Teku

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Alƙahira ya turo mini hoto ta WhatsApp a daren wata Juma'a. Ga shi tsaye a bakin Bahar Maliya cikin baƙar rigar roba, fuska duk shatin tabarau, yana nuna katin shaidar nutso mai ɗauke da sunansa. Kwana huɗu ya yi yana koyo a lokacin hutu, ya ci jarrabawa. A ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Kawu, an gama. Jibi in Allah ya yarda za mu sauka kan Thistlegorm."

Na yi murna da katin, domin ni na sa masa sha'awar abin tun yana ƙarami, lokacin da nake aiki a Masar ina dawowa gida da hotunan kifaye. Amma sunan jirgin nan ya hana ni barci. Na kira shi a daren, na ce, "Ɗana, na taya ka murna ƙwarai. Wannan jirgin dai ka bar shi tukuna." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Haba Kawu, ai akwai jagora. Kuma na riga na biya rabin kuɗin."

Amsar nan tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na sha jin irinta a bakin teku daga mutane masu hankali. Matsayina a kan wannan magana ɗaya ne. Wanda ya karɓi katin nutso jiya bai dace ya sauka kan gawar jirgi mai zurfi ba, balle ya kutsa cikinta, ko da wa yake tare, ko nawa ya biya.

Ga wanda harkar ta zame masa baƙuwa, nutso iri biyu ne. Akwai wanda muka sani a gida, na masuntan Argungu da Yawuri da bakin tafkin Chadi, inda mutum zai ja numfashi ɗaya ya nutse, ya fito kafin ƙirji ya matsa masa. Akwai kuma na tukunyar iska, wanda ake kira sukuba. A 1943 wani hafsan sojan ruwan Faransa, Jacques Cousteau, da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar da ke shayar da mutum iska daga tukunyar da ya goya a baya, tana daidaita ƙarfin iskar da nauyin ruwan da ke kansa. Daga nan ƙasan teku ya buɗe wa kowa. Yau 'ya'yanmu masu karatu a Masar, da angwaye da amaren da ke zuwa hutu Sharm el-Sheikh ko Zanzibar, suna shiga wannan harka, saboda haka maganar ta shafe mu.

Jirgin da yaron nan yake ɗoki ya cancanci a yi ɗokinsa. Thistlegorm jirgin dakon kaya ne na Birtaniya, an ƙera shi a Sunderland a 1940. A 1941 ya ɗauko kayan yaƙi zai kai wa sojojin Birtaniya a Masar, ya zagayo ta kudancin Afirka, ya jefa anga a arewacin Bahar Maliya yana jiran a ba shi hanyar shiga mashigin Suez. Cikin daren 6 ga Oktoba jiragen saman Jamus suka riske shi. Bom ya faɗa ɗakin da aka jibge harsasai, jirgin ya tsage, mutum tara suka mutu. Tun ranar yake zaune a ƙasa, a zurfin mita 30 ko da 'yar ɗoriya, da kayansa a ciki: babura ƙirar BSA da Norton a jere, manyan motocin Bedford, bindigogi, takalman roba, har da kawunan jirgin ƙasa biyu da ƙarfin fashewar ya wurga hagu da dama. Ranar da na fara ganinsa na haska tocila a kan tayar wani babur, na ga zanenta bai goge ba, ƙananan kifaye suna shiga suna fita ta ƙarƙashin tankin mai. Wanda ya ga wannan ba zai zargi mai kwaɗayin zuwa ba.

To amma mu duba katin kansa, mu ga abin da ya ce. Ƙungiyar PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, ita ce ta fi kowace ba da irin wannan shaida a duniya. Matakinta na farko karatu ne, sai darasi biyar a kwamin iyo ko wani ruwa mai kwanciya, sai nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa. Huɗu kacal. Bayan nan aka yanka wa mai katin iyakar mita 18, kuma a yanayi irin wanda ya koya a ciki ko wanda ya fi shi sauƙi. Mita 30 sai mai mataki na biyu. Mita 40 sai wanda ya yi darasin zurfi na musamman, kuma nan ce ƙarshen nutson shaƙatawa gaba ɗaya. Mafi yawan abin da ake zuwa gani a Thistlegorm yana zurfin da ya wuce iyakar da aka yanka wa ɗan ƙanwata. Katin nan kamar lasisin tuƙi yake. Yana nuna an gwada ka a fili mai lafiya, an ga ba ka bugi kowa ba, an sake ka ka je ka ƙara koyo. Babu uban da zai miƙa wa ɗansa makullin tirela maƙare da kaya, washegarin samun lasisi, ya ce ya gangaro Hawan Kibo da dare.

Me ya sa mita 18 da mita 30 suka bambanta haka, alhali tazarar ba ta wuce faɗin wani tsakar gida ba? Amsar tana cikin nauyin ruwa. Kowace mita 10 da mutum ya sauka, ana ƙara masa matsi daidai da na dukkan iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu, a mita 40 ya ninka biyar. Kowane numfashi a mita 30 yana cin iskar numfashi huɗu na sama. Mu yi lissafi mai sauƙi. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa awon bar 200 tana ɗauke da iska lita 2,400. A ware bar 50 na ko-ta-kwana, saura lita 1,800. Mai shaƙar lita 20 a minti ɗaya a sama zai shaƙi lita 80 a mita 30, ke nan minti 22 da rabi. Wannan lissafin mai kwanciyar hankali ne. Sabon hannu da gabansa ke faɗuwa, yana kokawa da ruwa da hannu da ƙafa, yakan ninka wannan shaƙa, sai mintin nan 22 su koma 11. Allurar agogon iska tana sauka yana kallon babura.

Lokaci ma yana tsukewa. Iskar da muke shaƙa, kusan kashi huɗu cikin biyar nata naitirojin ce, kuma a ƙarƙashin matsi tana narkewa cikin jini da tsoka. Jadawalin PADI ya ba mai nutso minti 56 a mita 18 kafin jikinsa ya sha fiye da abin da zai iya hawa da shi kai tsaye. A mita 30 minti 20 ne. A mita 40 minti 9. Wanda ya zarce wannan, ko ya hau da sauri, abin da ke faruwa a kwalbar lemo idan an girgiza ta aka fasa murfin shi zai faru a jikinsa. Kumfa za ta taso a gaɓoɓi, a laka, a ƙwaƙwalwa. Wani ya tsira da ciwon gwiwa, wani ya ƙare a keken guragu, wani ya rasa ransa. Tun 1908 masanin nan ɗan Sikotland, John Scott Haldane, ya yi gwaji da awaki ya fitar da jadawalin hawa daki-daki, kuma har yau a kan tubalinsa ake gini. Shi ya sa ake hawa a hankali, kada a wuce mita 18 a minti ɗaya, kwamfutocin hannu da yawa ma rabin haka suke yarda da shi, sannan a tsaya minti uku a mita 5.

Mu 'yan Najeriya muna da shaida a kan abin da mita 30 take nufi. A watan Mayun 2013 jirgin Jascon-4 ya kife a gaɓar jihar Delta, ya zauna a kusan wannan zurfin. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan sa'o'i 60 a wani lungu da iska ta maƙale. Da masu nutso suka same shi da rai, ba su iya fito da shi sarari nan take ba, duk da irin wahalar da ya sha. Jikinsa ya ƙoshi da naitirojin, hawa kai tsaye zai kashe shi. Sai da aka sa shi a ɗakin matsi ya ƙara kwanaki ana rage masa nauyin kaɗan-kaɗan kafin ya ga rana. Zurfin da ya riƙe bawan Allahn nan shi ne zurfin da ake gayyatar mai nutso huɗu ya je yawon buɗe ido.

Akwai kuma abin da ya fi ba ni tsoro, wato mayen zurfi. Daga wajen mita 30 naitirojin tana fara taɓa ƙwaƙwalwa kamar abin sa maye. Na ɗanɗana shi ranar da malamina ya sauka da ni mita 34 domin darasi. Wani daɗi ya lulluɓe ni, komai ya yi kyau, ban ji wata damuwa ba. Ya yi mini alama in nuna masa sauran iskata. Na ɗaga agogon, na ga allura, na ga lambobi, amma na kasa haɗa su su ba ni ma'ana. Na sake dubawa, na ƙara dubawa. Sai ya kama damtsena, ya ɗaga ni mita biyar ko shida, kaina ya washe kamar hazo ya yaye. A lokacin na yi nutso fiye da talatin, ruwan a kwance yake, babu rufi a kaina, kuma mutum ɗaya ne yake lura da ni shi kaɗai. Abin da ke ceton mai nutso idan tunaninsa ya yi nauyi shi ne hannun da ya saba, wanda ke kai kansa ga maɓallin rigar iska ko ga abin shaƙa na biyu ba tare da an aike shi ba. Wannan sabo ba ya samuwa a kwana huɗu.

Duk wannan zurfi ne kaɗai. Yanzu a ɗora masa gawar jirgi. Babbar kariyar sabon mai nutso, wadda aka gina dukkan darasinsa a kanta, ita ce idan abu ya ɓaci sama tana nan a buɗe, ya hau a hankali. Da zarar ya sa kai cikin jirgi, ƙarfe ya shiga tsakaninsa da sama, wannan kariya ta tafi. Sai ya nemo ƙofa kafin ya nemi sarari. Ƙasan ɗakunan jirgi cike yake da laka mai laushi kamar garin tuwo da ta shekara da shekaru tana kwanciya. Bugun ƙafa ɗaya na wanda bai iya riƙe jikinsa ba ya isa ya tayar da ita. Kumfar numfashinsa kuma tana bugun rufi tana zubo da tsatsa. Cikin daƙiƙa kaɗan ɗakin da yake gani tas ya koma kamar kunu, tocila ba ta haska komai sai ƙura, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Ga wayoyin lantarki suna reto, ga ragar masunta da zaren ƙugiya da suka maƙale, ga bakin ƙarfe mai kaifi da ke yanka roba da fata.

Wasu jiragen ma a kan haƙarƙari suke kwance. Zenobia, jirgin fiton Siwidin da ya nutse kusa da Larnaka a tsibirin Kubrus a watan Yunin 1980 da manyan motoci fiye da ɗari, yana kwance a gefen hagunsa a zurfin mita 42. A cikinsa bango ya zama daɓe, ƙofa ta koma rufi, matakala tana tafiya a kaikaice. Mai cikakken hankali ma yakan rikice, ina ga wanda zurfi ya fara juya masa kai.

Ƙungiyar DAN, mai bin diddigin haɗurran nutso, ta taɓa nazarin mutuwar masu nutso 947 da ta auku tsakanin 1992 da 2003. Abin da ya fi yawan zama mafarin haɗari shi ne ƙarewar iska, kashi 41 cikin ɗari. Mai bi masa shi ne maƙalewa, kashi 20. Gawar jirgi mai zurfi ta haɗa waɗannan biyun a wuri ɗaya, zurfin yana shanye iskar, ƙarfen yana riƙe mutum.

Ruwa kan ci gwani ma. A watan Oktoban 1992 wani uba da ɗansa, Chris Rouse da Chrissy Rouse, ƙwararru da suka saba da kogunan ƙarƙashin ƙasa, suka sauka kan jirgin yaƙin Jamus mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, wanda daga baya aka gano shi ne U-869, a zurfin kusan mita 70 daura da gaɓar New Jersey. Sun yi amfani da iska ta yau da kullum maimakon haɗin hiliyom mai rage maye. Wani abu ya faɗo ya danne ɗan a cikin jirgin. Kafin uban ya fito da shi lokaci ya ƙure, suka kasa gano tukwanen da suka ajiye domin hawa, suka taso sama kai tsaye. Uban ya cika a gefen jirgin da ya kawo su, ɗan ya cika a asibiti. Waɗannan mutane ne da suka yi ɗaruruwan nutso. Idan ƙarfe da zurfi suka yi wa irinsu haka, mai nutso huɗu ya yi wa kansa hisabi.

Na san hujjojin masu cewa a bar yara su gwada, kuma ba na raina su. Ta farko ita ce ta ɗan ƙanwata, akwai jagora. Bari in faɗi abin da idona ya gani a zuwana Thistlegorm na biyu. Mun taso daga Sharm tun kafin asuba, tafiyar sa'o'i uku zuwa huɗu. A ayarinmu akwai wani saurayi Bature da wani shago ya karɓi kuɗinsa ya haɗo shi da mu, katinsa bai yi mako ba. Ranar ruwa yana ja sosai, muka riƙe igiyar sauka jikinmu yana kaɗawa kamar tuta. Tun a igiyar na ga idanunsa sun firfito a bayan tabarau, kumfa tana fita daga bakinsa ba tsayawa. Ba mu yi minti goma sha biyar a ƙasa ba ya zo wa jagora da agogon iskarsa a hannu, allura ta shiga ja. Jagoran ya cusa masa abin shaƙarsa na biyu, ya riƙe shi a ƙirji, suka nufi igiya. Mu biyar da muka rage muka bi su da kanmu. Da a ce a wannan minti wani daga cikinmu ya maƙale, babu mai waiwayarsa. Jagora mutum ɗaya ne, hannunsa biyu, tukunyarsa ɗaya. Sabon hannun da ya sauka inda ya fi ƙarfinsa ya ɗora ransa a wuyan wani, ya kuma janye kariya daga sauran abokan tafiya.

Hujja ta biyu ita ce, to sai in yi mataki na biyu, ai kwana biyu ne. Gaskiya ne, ana iya gama shi da nutso biyar, a wayi gari mutum yana da katin mita 30 alhali duka-duka nutsonsa tara a duniya. Takarda ta halatta masa, jikinsa bai sani ba. Ina ganin a nan shagunan nutso suke da babban alhaki, domin kwale-kwalen da ya cika ya fi kawo riba, kuma baƙon da zai tafi jibi ba ya son a ce masa a'a. A watan Oktoban 2003 wata amarya Ba'amurkiya mai shekara 26 ta rasu a kan gawar jirgin Yongala a gaɓar Ostireliya. Kotuna a ƙasashe biyu sun yi ta shari'a kan rawar da mijinta ya taka, wannan nasu ne. Abin da ba a yi jayayya a kansa ba shi ne sabuwar hannu ce, ruwa yana ja, kuma ta sauka ba tare da an fara gwada ta tare da malami ba. Shagon kirki yakan nemi katin mataki na biyu, ya buɗe littafin nutsonka ya ƙirga, ya sauka da kai wuri mai sauƙi ya ga kamun ludayinka kafin ya rubuta sunanka. Shagon da bai tambaye ka komai ba sai kuɗi, ka tattara kayanka ka bar shi.

Hujja ta uku tamu ce ta gida, ni ɗan bakin kogi ne, a ruwa na tashi. Iya iyo alheri ne, amma akwai wata ɗabi'a ta mai nutson kogi da ke zama guba a sukuba. Shi ya saba riƙe numfashi. Wanda ya shaƙi iskar tukunya a ƙasa ya riƙe ta ya hau, iskar za ta kumbura a huhunsa har ta yaga shi, kuma 'yan mitoci kaɗan sun isa. Dokar farko a sukuba ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. A lokacin firgita jiki yakan koma ga abin da ya fi sabawa da shi, saboda haka ɗan kogi yana buƙatar lokaci ya kankare tsohon sabo kafin ya je inda kuskure ɗaya ba ya gyaruwa.

Akwai masu rufe magana da cewa kowa da ranarsa. Haka ne, babu mai wuce ajalinsa. Amma addinin da ya koya mana wannan shi ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma rai amana ne a hannun mai shi. Kuɗin da aka biya ana iya mayar da shi. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Ba ina cewa sabon mai nutso ya haƙura da jiragen ƙasan teku ba ne. Akwai tsani, kuma matakansa na farko ma suna da daɗi. A Tulamben da ke tsibirin Bali na Indunusiya akwai jirgin Amurka mai suna Liberty, wanda Japanawa suka harba a 1942, aman dutsen Agung ya tura shi cikin ruwa a 1963. Daga bakin gaɓa ake shiga da ƙafa, samansa bai fi mita 5 ba. A Aƙaba ta ƙasar Jodan akwai tankar yaƙi da aka nutsar da gangan a kusan mita 6. A bakin Bur Sudan, garin da Hausawa suka daɗe da zama a cikinsa, akwai Umbria, jirgin Italiya da matuƙansa suka nutsar da hannunsu a watan Yunin 1940 don kada Ingilishi su ƙwace bama-baman da ya ɗauko. Gefensa na sama yana kusa da fuskar ruwa, in Allah ya dawo wa Sudan da zaman lafiya mai sabon kati zai iya zagaya shi daga waje ya more. Sharaɗin dai shi ne daga waje, cikin iyakar katinsa, sama a buɗe.

A irin waɗannan wurare ne mutum zai tara nutso gomiya bayan gomiya, har ya iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa ba ya hawa ba ya sauka, ya iya cire tabarau ya mayar ba tare da gabansa ya faɗi ba, ya iya cankar sauran iskarsa kafin ya duba agogo. Sannan ya yi darasin zurfi da malami, ya ɗanɗani mayen nan a hannun wanda zai riƙe shi. Sannan darasin jirage, inda zai koyi bugun ƙafa irin na kwaɗo da ba ya tayar da laka, da jan zare daga ƙofa domin ya bi shi ya fito ko a duhu, da raba iska gida uku, kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ajiya. Ko bayan wannan darasin, ƙa'ida ta ce kada ya wuce inda hasken rana ke kaiwa. Abu na ƙarshe da zai koya, wanda ya fi wuya ga matashi, shi ne ya ɗaga babban yatsa ya ce a hau, ko ya zauna a kwale-kwale ya ce yau ban shiga ba, ba tare da jin kunyar kowa ba. A al'adar masu nutso, kowa yana da ikon fasa nutso a kowane lokaci, kuma ba a tambayarsa dalili.

Akwai wani dalili kuma da ya wuce tsaron rai. Da yawa daga cikin jiragen nan maƙabartu ne. A watan Disambar 1991 jirgin Salem Express ya taso daga Jidda cike da fasinjoji, cikinsu har da masu dawowa daga Umra, ya bugi dutsen ruwa kusa da Safaga ya nutse cikin ɗan lokaci. Hukuma ta ƙidaya mutum 470 da suka rasu. Har yau akwatunan matafiya suna nan a ƙasa. Wurin da 'yan'uwanmu suke kwance bai kamata ya zama filin koyon wanda ke dafa duk abin da ya samu don ya tsayar da jikinsa ba. Thistlegorm ma ya sha wahalar masu ziyara, har a 2007 ƙungiyar HEPCA mai kare muhallin Bahar Maliya ta kafa igiyoyin ɗaure kwale-kwale a gefensa, ta huda wasu wurare domin iskar da masu nutso ke bari ta riƙa fita. Mai hannu a natse ne ya cancanci shiga irin wannan wuri, ya gani, ya yi addu'a, ya fito bai taɓa komai ba.

Ɗan ƙanwata bai je ba. Rabin kuɗin nan ya tafi, na tura masa madadinsa. Ya yi sauran hutunsa yana nutso a wurare marasa zurfi kusa da gaɓa. Bayan kwana uku ya kira ni, muryarsa ta sauya. Ya ce, "Kawu, yau a mita 15 muka tsaya, minti talatin da biyar na yi allurata ta kusa shiga ja. Malamin ya fito da fiye da rabin tukunyarsa." Na ce masa, "To ka ninka wannan a ranka, ka ɗora rufin ƙarfe a kai." Ya ce ya gane. Muka yi alkawari, ranar da littafinsa ya cika, ya yi darasin zurfi da na jirage, in Allah ya ba mu rai da lafiya ni da shi za mu riƙe igiyar nan tare, in nuna masa babur ɗin da tayarsa ba ta goge ba.

Kakanninmu da suka zauna a bakin koguna ba su auna gwanintar ruwa da nisan da mutum ya nutsa ba. Cewa suka yi iya ruwa, fidda kai. Sauka ƙasa ko dutse ya iya. Thistlegorm ya haura shekara 80 yana zaune inda yake, zai jira yaron nan shekara ɗaya ko biyu. Uwarsa kuma, ƙanwata, tana gida tana jiran ya dawo mata da ƙafafunsa.